Yadda Ake Tantance Kaza Mai Tukku Da Gemu, Da Yadda Ake Riƙe Irinta

Kaza mai tukku ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Cikin kajin Hausa ma akan samu mai ɗan tukku a ƙeya, kamar yadda ake samun fingi da shazumama da durgu. Amma wadda nake magana a kai ita ce ta ado, wadda gashi ya taru mata a ka kamar an ɗora gammo, ya kuma cika mata kumatu da haɓa har fuskar ta kusa ɓacewa. Irin waɗannan kaji asalinsu Turai ne da Asiya, kuma yanzu masu kiwon kajin ado sun shigo da su garuruwanmu, ana cinikinsu a kasuwa da kuma ta waya.

Na daɗe ina kiwonsu, na saya na yi dace, na saya na yi asara. Abin da na koya shi ne tukku da gemu su kaɗai ba sa gaya maka irin kaza. Su ne suke ɗauke wa mai saye hankali, alhali shaidar tana ƙafa da hanci da fata. Saboda haka duk wanda zai sayi irin wannan kaza, sai ya kama ta da hannunsa. Saye ta hoto cinikin biri a sama ne.

Kayan da za ka tanada

Ƙaramar tocila mai haske sosai, ko ta waya ta isa. Sikeli na rataye da ɗan buhu ko jaka da za a saka kazar a ciki. Ido ba mudu ba ne, kuma gashin waɗannan kaji yana ɓoye rama. Ƙaramin almakashi mai dakusasshen tsini. Tsumma mai tsabta ko ƙaramin tawul. Man basilin. Littafi da biro, da zare ko robar ƙafa kala-kala don yi wa kaji alama. Sai keji ko akurki na daban, nesa da sauran kajinka, wanda za ka ajiye baƙuwar a ciki. In babu sikeli, yatsunka za su yi aikin, zan yi bayani a gaba. In babu keji na daban kuwa, ka haƙura da sayen har ka samu, don wannan ba shi da madadi.

Akwai kalmomi biyu da za su riƙa dawowa. Zanko shi ne jan naman da ke saman kan zakara. Leɓa kuma shi ne jan naman da ke reto ƙarƙashin bakinsa. Tukku na gashi ne, zanko na nama, kada ka haɗa su.

Mataki na 1: Ka san irin da kake nema tun kana gida

Waɗanda suka haɗa tukku da gemu ba su da yawa, kuma kowanne yana da abin da ya raba shi da saura.

Polish ita ce aka fi gani, ita ce kuma mai tukku mafi girma. Jikinta siriri ne, ƙafarta ba gashi, launin ƙafar toka-toka mai duhu, yatsu 4. Zankonta ƙarami ne mai reshe biyu kamar ƙahonni, sau da yawa ma tukku ya rufe shi. Zakara yakan kai kilo 2.7, kaza kilo 2, ban da ƙananan irinsu da ba sa kai kilo ɗaya. Ƙwanta fari ne, kuma ba kasafai take kwanci ba. Abin lura shi ne ba kowace Polish ke da gemu ba. Baƙar nan mai farin tukku, wadda ta fi yawo a hotuna, a bisa asali ba ta da gemu, leɓarta a fili take. Masu gemu su ne irin su ruwan zinare da ruwan azurfa masu baƙin zane a bakin kowane gashi, da ruwan ƙasa-ƙasa mai farin zane, da fara sol. A wasu ƙasashen Turai, irin su Jamus, ana ɗaukarsu iri biyu ne daban, mai gemun ana jingina ta ga birnin Padua na Italiya.

Silki daga Sin take. Gashinta kamar auduga ne ko gashin mage, ba ya haɗuwa ya yi faranti kamar na sauran kaji, shi ya sa ba ta iya tashi. Fatarta baƙa, ƙashinta baƙi, naman kunnenta shuɗi, yatsu 5, da gashi a ƙafa. Zankonta dunƙulalle ne mai duhu. Ita ma akwai mai gemu da mara gemu. Ƙwanta ba shi da yawa, amma a kwanci da reno ba ta da na biyu.

Houdan, wadda ake furtawa Hudan, sunan wani gari ta ci da ke yamma da Faris. Baƙa ce mai ɗigo-ɗigon fari, mai faɗin jiki da nauyi, don tun asali kazar nama ce. Zakaranta yakan wuce kilo 3. Yatsunta 5, amma ƙafar ba gashi. 'Yar'uwarta Crevecoeur ta yankin Normandi a Faransa baƙa ce wuluk, yatsu 4, zankonta ƙahonni biyu da suka fito fili gaban tukkun.

Sultan kuwa daga Turkiyya take, inda ake ajiye ta a lambunan fadar sarakunan Daular Usmaniyya, aka kai ta Ingila a 1854. Fara ce fat, ta haɗa komai: tukku, gemu, yatsu 5, gashin ƙafa har kan yatsu, da wasu dogayen gashi masu tauri da suke fitowa daga cinya suna nuna baya. Sai Brabanta ta ƙasar Holan da Beljiyam, mai siririn tukku da yake miƙe sama ya ɗan karkato gaba, shi ya sa ba ya rufe mata ido.

A wajenmu Polish da Silki ne za ka fi cin karo da su. In wani ya ce maka yana da Sultan ko Hudan, ka ƙara natsuwa wajen dubawa, domin farar Polish da ta haɗu da Silki takan ba da 'ya'ya masu kama da Sultan ga wanda bai sani ba.

Mataki na 2: Ka kalle ta a ƙasa kafin ka taɓa

Ka sa a sake ta ta yi tafiya. Minti biyar sun isa. Ka watsa ɗan tsaki a gabanta ka ga ko tana samun ƙwayar da saran farko, ko tana sarar ƙasa a gefe. Ka matso da hannu ta gefenta a hankali; wadda take gani za ta kauce tun hannun bai iso ba, wadda tukku ya makantar kuwa sai hannu ya taɓa ta sannan ta zabura. Wadda take karkata wuya, ko take tafiya da baya, ko take zagaye wuri ɗaya, ka bar ta ko nawa aka rage maka. Ka saurari numfashinta, ka kuma kalli kashin da ke cikin kejin da aka kawo ta. Kore ko fari mai ruwa-ruwa alama ce ta ciwo.

Mataki na 3: Duba tukku

Ka kama ta da hannu biyu, fuka-fukan a manne da jiki, sannan ka ɗora ƙirjinta a tafin hannunka na hagu, ƙafafun suna tsakanin yatsunka. In tana fizge-fizge, ka naɗe jikin da tawul ka bar kan a waje. Kada ka ɗaga ta ta ƙafa kai a ƙasa kamar yadda ake yi wa kajin kasuwa, kuma kada ka kama tukkun.

Dalilin wannan kashedin yana ƙarƙashin gashin. Kajin da suke da babban tukku, musamman Polish, ƙoƙon kansu yana da wani tudu a gaba, kamar an kifa rabin goro, kuma wani ɓangare na ƙwaƙwalwa yana cikinsa. A kan tudun ne tukkun yake tsirowa. Ƙashin wurin siriri ne, a wasu ma bai gama rufewa ba. Masanin halittu ɗan Ingila, Charles Darwin, ya yi bayanin wannan ƙoƙon kai na Polish tun a 1868. Ka ɗora ɗan yatsa a hankali za ka ji shi, amma kada ka danna. Sara ɗaya mai ƙarfi daga babban zakara a wannan wuri yana iya kashe kaza.

Yanzu ka kalli kan ta gaba, ido da ido. Tukku mai kyau yana zaune daidai tsakiya, bai zame hagu ko dama ba, bai kuma rabe biyu kamar an tsaga kitso ba. Ya zama cike, gashin gaba yana tsaye ya bar idanu a fili. A nan ne masu farawa suka fi yin kuskure, suna zaɓar wadda tukkunta ya fi girma, ko da ya zubo ya rufe fuska. Ni na fi son matsakaicin tukku mai tsayuwa a kan wanda ya yi girma ya faɗi. Kazar da ba ta gani ba ta cin abinci ta ƙoshi, ba ta ganin shirwa, zakaran da ba ya gani kuma ba ya hawan kaji yadda ya kamata, sai ka tara ƙwai su fito fanko.

Sai ka buɗa gashin da yatsu har ka ga fata, ka haska tocila. Abin da kake nema ƙwarƙwata ce da ƙuma da ƙwayayensu, waɗanda suke manne a gindin gashi kamar farin gari da ya dunƙule. Kaza ba ta iya kai bakinta kanta ta yi tsifa, saboda haka tukku da gemu su ne maɓoyar ƙwari. Ka kuma duba ko akwai sanƙo ko busasshen jini a tsakiya, alamar 'yan'uwanta suna figarta. Figaggen wuri zai sake tsirowa, ba dalilin fasa ciniki ba ne in fatar ba ta yi rauni ba, amma dalilin neman ragi ne.

Mataki na 4: Gemu, zanko da hanci

Gemu kashi uku ne: gashin kumatun dama, na hagu, da na haɓa. A kaza mai kyau ukun suna haɗewa su rufe kunnuwa, ba gibi a tsakani. Ka ɗaga gemun ka leƙa ƙarƙashi. Leɓa ya kamata ta zama 'yar mitsitsiya ko babu ita ma, domin halittar gemu tana rage girman leɓa. In ka ga ɗan gemu tsilli-tsilli ga kuma leɓa tana reto ta wuce shi, to ɗaya daga cikin iyayen ba shi da gemu. Ba laifi ba ne in ado kawai kake so, amma kada ka biya kuɗin tsantsar iri.

Gemun da ya jiƙe ya manne, ko yake wari, yana nuna hanci ko ido na zubar ruwa. Ka buɗa gashin da ke kewaye da ido: idon ya zama tar, ba kumfa, ba kumburi.

Hanci shi ne shaidar da mutane suka fi mantawa. A Polish da Hudan da Sultan da Crevecoeur, ƙofofin hanci manya ne, a buɗe, sun ɗan taso sama da layin baki kamar bakin kogo. Kazar da aka ce Polish ce amma hancinta a lafe yake irin na kazar gida, zankonta kuma guda ɗaya ne mai haƙora kamar zarto, gauraye ce ko da tukkunta ya kai tulu.

Mataki na 5: Ƙafa, fata da nauyi

Ka ƙirga yatsu a ƙafa biyun, ba ɗaya ba. Na sha ganin Silki mai 5 a dama 4 a hagu. Yatsa na biyar yana baya, saman na huɗu, kuma ya kamata ya rabu da shi sarai, ya ɗan lanƙwasa sama. Kada ka ɗauki ƙaimin zakara a matsayin yatsa. Yatsa yana da gaɓa da farce, ƙaimi kuwa tsinke ne guda. Polish mai yatsu 5 ko mai gashi a ƙafa ba tsantsa ba ce. Silki mai yatsu 4 haka nan.

Ka hura gashin ƙirji ko ƙarƙashin fiffike ka ga fata. Ta Silki baƙa ce mai shuɗi-shuɗi. In ta yi fari ko ja-ja, ko zankon ya yi ja jawur, akwai wani jini a ciki. Ka kuma shafa sawun ƙafar: ɓawon ya zama lafe sumul. In ya tattashi ya yi kaushi da farin gari, wasu ƙananan ƙwari ne suka shiga ƙarƙashinsa, kuma sun fi damun masu gashin ƙafa.

Sai awo. Ka saka ta a jaka ka rataya a sikeli, ka rubuta. In babu sikeli, ka shafa ƙashin ƙirji. In nama ya cika gefe da gefe har ƙashin ya ɗan nutse, lafiya lau. In ya fito kamar bakin wuƙa, kazar ta rame, ko dai ciwo, ko tsutsar ciki, ko kuma rashin gani ya hana ta ci.

Mataki na 6: Zakara ne ko kaza?

A manya abu ne mai sauƙi. Tukkun kaza dunƙulalle ne, gashinsa gajeru masu zagayayyen baki. Na zakara gashinsa dogaye ne sirara masu tsini da sheƙi, suna bazuwa baya da gefe. A Polish wannan bambanci yakan fara bayyana daga mako 8 zuwa 12. Silki tana da wahala, wani lokaci sai ta kai wata 4 ko 5, ko sai an ji cara. Duk wanda ya sayar maka da tsakin Silki 'yan mako biyu ya ce ya tabbatar mata ne, ƙiyasi ya yi.

Mataki na 7: Makonni ukun farko a gida

Baƙuwa ta zauna ita kaɗai mako 3, da mazubin ruwanta da na abincinta. Ka riƙa zuwa wurinta bayan ka gama da sauran kaji, ka wanke hannu. Na taɓa karya wannan doka sau ɗaya, cikin hunturu, saboda zakaran da na sayo ya yi min kyau ƙwarai kuma ga shi garau. Kwana shida tsakani kaji suka fara sandarewa, kuma cikin mako biyu akurkin ya zama kango. Fakat ce, wadda likitoci ke kira Newcastle, kuma lokacin sanyi take fi ɓarna. Ka tambayi mai sayarwa rigakafin da aka yi, in bai ba ka amsa mai gamsarwa ba ka ɗauka ba a yi ba. Ka je wurin likitan dabbobi a ba ka maganin rigakafinta, Lasota ko I-2, waɗanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato take sarrafawa, tare da tsarin maimaitawa. Kada a yi wa kaza rigakafi tana cikin ciwo.

A wannan lokaci ne za ka yi mata gyaran fuska. Mutum biyu ake bukata, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya yanke. Ka rage gashin da ya rufe ido kawai, ta gaba da gefe, kaɗan-kaɗan, tsinin almakashi yana kallon nesa da ido. Bayan kowane yanka ka kalle ta ta gaba, da zarar ka hango idanu biyu ka tsaya. Ka kiyayi sabon gashi mai tasowa, wanda gindinsa ke da kauri da duhu, domin jini ne a ciki kuma zai zuba sosai. In an yi kuskure, a danna wurin da tsumma mai tsabta har ya tsaya, a ware ta har ya warke, don kaji in suka ga ja ba sa barinsa. Wanda ba ya son yanke gashin saboda zai sayar, yana iya tattara tukkun sama ya ɗaure da lallausar robar kitso, sako-sako, yana kwancewa da dare. Gashin da aka yanke ba ya ƙaruwa sai lokacin da ta zubar ta sake sabo.

In ka ga ƙwari, ka karɓo hodar ƙwari ta kaji a shagon magungunan dabbobi, ka shafa a gindin gashi kana kare ido, ka maimaita bayan mako guda don ƙwayayen da za su ƙyanƙyashe. Ƙumar da ta manne a fatar fuska kuma basilin ake shafa mata ya toshe ta. Kada ka kusanto da kananzir ko baƙin mai ko maganin feshin gona kusa da kan kaza. Ka ajiye musu kwano mai faɗi da yashi da toka a inuwa su yi birgima.

Mazubin ruwa ya zama mai ƙunci, wanda baki kaɗai zai shiga. Buɗaɗɗen kwano yana jiƙa gemu da tukku, dusa ta manne, wuri ya yi ɗoyi, ido ya kamu. In ba ka da na kanti, ka huda gefen galan ka yi tagogi daidai shigar baki. Saboda wannan dalili busasshen abinci ya fi musu jiƙaƙƙiyar dusa. Da damina kada ruwa ya doke su, musamman Silki da gashinta ke shan ruwa kamar soso. Wadda ta jiƙe a goge ta a busar kafin dare. Da bazara kuma, inuwa da iska da ruwa mai sanyi. Kaji suna rage zafin jiki ta zanko da leɓa, waɗannan kuwa nasu ƙanana ne kuma a lulluɓe, shi ya sa zafin Maris da Afrilu ya fi jigata su.

Kada ka sake su kiwo a fili irin na kajin gida, kada kuma ka haɗa su da manyan kaji masu faɗa. Wurinsu ya zama da raga ta sama. In za ka shiga, ka yi magana ko ka yi fito tukuna, su san kana tafe.

Mataki na 8: Haɗa iri

Abu ɗaya za ka riƙe a nan. Tukku gado ne mai rinjaye, gemu ma haka, amma kowanne hanyarsa daban, kuma rinjayen ba cikakke ba ne. Ɗan tsakon da ya gaji tukku daga uwa da uba yana fitowa da cikakke. Wanda ya gada daga ɓangare ɗaya yana fitowa da ƙarami. Saboda haka in ka haɗa tsantsar zakaran Polish mai gemu da kazar gida, duk 'ya'yan za su fito da ɗan tukku da ɗan gemu. A nan ake yaudarar masu saye, a nan kuma mai kiwo yake yaudarar kansa, ya ɗauka ya samu iri.

In ka haɗa waɗannan 'ya'yan da junansu, sai abin ya warwatse. A lissafi, cikin kowane 4, ɗaya zai yi cikakken tukku, biyu matsakaici, ɗaya ba shi da komai. In ka haɗa da gemu, cikin 16 ɗaya ne kawai zai cika ta ɓangaren biyu. Wannan ƙiyasi ne na adadi mai yawa, a kwanci ɗaya yana iya saɓawa. Gashin Silki kuwa akasin haka yake, ɓoyayyen gado ne: in ka haɗa Silki da kowace kaza mai gashi sumul, 'ya'yan farko duk sumul za su fito, sai dai ka ga duhun fata da ƙarin yatsa.

Don haka tsantsa da tsantsa ake haɗawa. Zakara 1 ga kaji 4 zuwa 6, a keji nasu su kaɗai. In kazar ta taɓa zama da wani zakara, ka jira mako 3 zuwa 4 kafin ka fara tara ƙwai, domin maniyyin na farko yana daɗewa a jikinta. Kada ka haɗa biyu masu aibi iri ɗaya; in tukkun kazar ya yi yawa yana zubowa, ka nemo mata zakara mai tsayayyen tukku. Karkataccen tukku, karkataccen baki da lanƙwasassun yatsu, duk a cire su daga layin haihuwa. In tsantsar zakara kaɗai ka samu, babu kaza, ka haɗa shi da kazar gida mai tukku, ka zaɓi mafi kyau cikin 'ya'ya mata ka mayar wa wani tsantsar zakaran, haka zuwa zubi uku ko huɗu. Siffar za ta matso sosai, kuma jinin kazar gida yana ƙara musu juriya. Amma in za ka sayar, ka faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke hannunka. Kowace shekara biyu ka shigo da zakara daga wani gida, don ɗan'uwa da 'yar'uwa in suka yi ta maimaituwa, ƙyanƙyasa tana raguwa, tsaki suna fitowa raunana.

Wanda yake da Polish mai murɗaɗɗen gashi irin na shazumama, kada ya haɗa biyu masu irin gashin. Wasu daga 'ya'yan sukan fito da gashi mai karyewa, jiki kusan tsirara. Shazumama da mai sumul ake haɗawa.

Mataki na 9: Ƙwai da tsaki

Ka riƙa kwashe ƙwai kullum, kana rubuta kwanan wata da alamar uwa da fensir. A ajiye a wuri mai sanyi, tsinin yana ƙasa, kada su wuce kwana 7, da bazara ma kwana 4 ko 5. Tunda Polish ba ta cika kwanci ba, ka saka wa kazar gida mai kwanci guda 8 zuwa 10, da dare, bayan ka kwashe nata. Silki ƙarama ce, 6 sun ishe ta. In injin ƙyanƙyasa ne, zafi digiri 37.5 a ma'aunin Celsius, ana juyawa har kwana 18, sannan a bari, a ƙara danshi. A kwana na 10 ka haska tocila cikin duhu, ka cire wanda ba jijiya a cikinsa. Kwana 21 suke fitowa.

Tun ranar farko za ka gane abin da ka samu. Ɗan tsakon da zai yi babban tukku yana fitowa da ɗan ƙululu a ka kamar an ɗora masa hula, mai gemu kuma kumatunsa a cike suke bul-bul. Ka ƙirga yatsu a ranar, ka ɗaura zaren alama a ƙafa, ka rubuta, kana sassauta zaren duk mako don kada ya shige nama. Kada yara su riƙa shafa musu kai, kada kuma ka haɗa su da tsakin da suka girme su.

Daga mako 3 zuwa 6 ne lokacin haɗari, sa'ad da gashin tukku yake tsirowa kamar ƙananan allurai masu jini. Sauran tsaki suna ganinsu su yi ta tsattsaga. Ka rage cunkoso, ka rage hasken fitila, ka rataya musu ganyen zogale ko latas su shagala da shi. Wanda aka fasa wa kai a ware shi nan take.

Kada ka yi saurin yanke hukunci a kan wanda za ka ajiye. A mako 8 ka yi tacen farko, ka fitar da masu aibin ƙafa da baki da zanko. Tukku da gemu kuwa ba sa gama cika sai wajen wata 6, kuma launin masu zane yakan canja bayan zubar gashi na farko. A wata na shida ka sake ɗaukar kowace ɗaya, ka bi mataki na 2 zuwa na 5 kamar yau ka fara ganinta a kasuwa, ka gwada abin da ka gani da abin da ka rubuta ranar ƙyanƙyasa, sannan ka ware waɗanda za su shiga kejin haihuwa na baɗi.